Oben mai Wi-Fi da buɗa-baki a gidan wata ma'aikaciyar jinya: nazarin abin da ya faru daga 2022 zuwa 2025

Gidan da matsalarsa

Matar da wannan nazari ya shafa yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a yankin Manchester da ke Ingila, inda take zaune da maigidanta da 'ya'ya uku. Ba zan faɗi sunanta ba, haka nan ba zan ambaci kamfanin da ya ƙera oben ɗinta ko manhajar girkin da ta yi amfani da ita ba. Ni sana'ata gyaran kwamfuta da haɗa intanet, gidana kuma bai fi tafiyar minti ashirin a bas daga nata ba, don haka duk abin da ya shafi waya a gidan ni ake nema. Yawancin abin da zan kawo na gan shi da idona, sauran kuma daga littafin da ta riƙa rubutawa na ɗebo.

Dutinta na yini yana farawa da bakwai da rabi na safe, ba ta tashi sai takwas na dare, kwana uku ko huɗu a mako. Maigidan shi ma aikinsa na karɓa-karɓa ne. A sauran watanni ana lallaɓawa: ranar hutu ta yi miya mai yawa, ta zuba a robobi ta jera a firiza, yara su ɗumama. Azumi ne ke tona asirin wannan tsari, domin wanda ya yini da ƙishirwa ba ɗumame yake marmari ba.

Akwai kuma lissafin da ke damunta. Watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a arewacin Ingila kuwa faɗuwar rana tana sauyawa sosai tsakanin wata da wata. A 2022 an fara azumi a farkon Afrilu, ana shan ruwa tsakanin takwas saura da takwas da rabi, kusan lokacin da take kan hanyar gida. Amma ta hango cewa a farkon azumin 2024 za a sha ruwa wajen ƙarfe shida, a farkon na 2025 ma kafin shida. Kowace shekara tazarar da ke tsakanin kiran sallar magariba da shigowarta gida ƙaruwa za ta yi.

Abin da take so ba mai yawa ba ne: abinci mai zafi a gaban iyali lokacin shan ruwa, wanda babbar 'yarta za ta iya haɗawa ba tare da uwar ta riƙe waya a ɗakin marasa lafiya tana ba da umarni ba. A 2022 shekarun yarinyar 13. Da yake 'yar fari ce, Yaya ba ta kama sunanta, sai dai ta ce "yarinyar nan", ni ma haka zan kira ta.

Janairu 2022: sayen oben

Tsohon oben ɗin gidan ya mutu a ƙarshen 2021. A shago aka nuna mata wani sabo mai Wi-Fi. Mai sayarwa ya buɗe manhajar girki a waya, ya zaɓi gasasshiyar kaza, ya danna maɓalli guda, sai ga oben ya kunna kansa, ya saita zafi da lokaci. Ya ce daga ko'ina ana iya yin haka. Ta ƙara kuɗi a kan abin da ta ware, ta saya.

A lokacin kasuwar ta cika da irin wannan alƙawari. Manyan kamfanonin kayan kicin sun bi hanya biyu. Wasu sun sayi manhajar girki kacokan: Whirlpool na Amurka ya sayi Yummly a 2017, BSH na Jamus mai ƙera kayan Bosch da Siemens ya sayi kaso mafi rinjaye a Kitchen Stories ta birnin Berlin a shekarar, Samsung kuma ya sayi Whisk a 2019, wadda daga baya ta koma Samsung Food a 2023. Wasu kuwa yarjejeniya suka ƙulla da manhajoji masu zaman kansu irin su SideChef da Innit da Drop ta birnin Dublin, wadda ta sauya suna zuwa Fresco a 2022. Ta wannan hanya ta biyu ne manhajojin suka samu damar yin magana da kayan LG da GE Appliances da Bosch. Oben ɗin Yaya na rukuni na biyu ne: kamfanin ƙarfe daban, kamfanin manhaja daban, yarjejeniya ce ta haɗa su.

Abin da ba a bayyana mata a shago ba shi ne hanyar da umarnin ke bi. Waya ba ta magana da oben kai tsaye, ko da suna ɗaki ɗaya. Idan aka danna maɓalli, saƙo yana tafiya zuwa kwamfutocin kamfanin manhaja, daga nan ya wuce zuwa kwamfutocin kamfanin oben, sannan ya dawo ta intanet ɗin gida ya shiga oben. Zango uku ke nan, kuma ko wanne ya toshe an tsaya.

Fabrairu 2022: haɗawa

Maraice uku na yi a gidan kafin maɓallin ya yi aiki.

Ranar farko manhajar kamfanin oben ta ƙi fitowa a wayarta sam. Dalili shi ne asusunta na sauke manhajoji tun na Najeriya ne, ba ta taɓa sauya ƙasar ba, manhajar kuwa ba a sake ta a can ba. Sai da muka mayar da asusun Ingila. Rana ta biyu oben ya kasa ganin Wi-Fi. Na'urar intanet ɗin gidan tana watsa Wi-Fi iri biyu da suna ɗaya, na 2.4 GHz da na 5 GHz, oben kuwa na 2.4 kaɗai yake ji, kamar yawancin kayan gida irinsa. Na raba su, na ba kowanne sunansa. Rana ta uku muka buɗe asusu na biyu a manhajar girki, muka ba ta izinin shiga asusun oben. Asusu biyu, kalmar sirri biyu, da dogayen sharuɗɗa biyu da muka amince da su ba tare da mun karanta ba.

Daga baya na ga rahoton jaridar Wall Street Journal na farkon 2023, inda LG ya ce ƙasa da rabin kayan gidan da ya sayar masu shiga intanet ne ke ci gaba da zama a haɗe. Na tuna maraicen nan uku, na kuma tuna gidajen da ba su da ƙani mai gyaran kwamfuta.

Maris zuwa Afrilu 2022: gwajin farko

Matsala ta farko ta girke-girken ce. Maɓallin aikawa ga oben ba a kan kowane girki yake ba, sai waɗanda kamfanin manhaja ya tsara ya kuma gwada. Ta bincika gurasa irin ta Kano, babu. Kaza da yajin ƙuli-ƙuli, babu. Manhajar ta yarda mutum ya rubuta nasa girkin ya adana, ta zauna ta rubuta guda biyar, amma ko ɗaya bai fito da maɓalli ba.

Da na bi diddigi na gane dalilin. Girkin da aka rubuta don mutum yana cewa "a gasa har ya yi ja". Oben bai san ja ba. Abu uku yake karɓa: yanayin gashi, wato wuta sama da ƙasa ko da fanka ko ta sama kaɗai, sai digirin zafi, sai mintuna. Kowane kamfani kuma da sunan da yake ba yanayin gashinsa da iyakar zafin da yake yarda da shi. Dole wani ya zauna ya mayar da kowane girki zuwa waɗannan lambobi, ya kuma daidaita su da kowane samfurin oben. Wannan aiki ne yarjejeniyar ke biya, kuma ana yin sa ne a kan abincin da masu saye da yawa ke nema.

Ga kuma wani abu da ya kamata mu lura da shi tun a shago. Mafi yawan girkinmu a kan murhu ake yi, ba a cikin oben ba. Tuwo muciya yake so da ƙarfin hannu. Miyar kuka, kunun gyaɗa, ƙosai, farfesu, duk sai an tsaya a kansu. Manhajar ba ta da iko a kan murhun gidan, don haka tun farko kaso kaɗan na abincin buɗa-baki ne ya shiga lissafi.

Ta ce to, a gwada na manhajar. Ranar wata Asabar ita da yarinyar suka zaɓi kek. An rubuta kayan haɗin da kofin awo na Amurka, wanda ke cin kusan mililita 240, su kuwa da kofin shayi suka auna. Suka danna maɓalli, oben ya ɗauka. Bayan minti 45 kek ya fito saman ya tsage ya yi duhu, gefe ya bushe kamar biskit. Da na duba, asalin girkin digiri 350 ne na ma'aunin Amurka, kusan 177 a namu, da wuta sama da ƙasa. Abin da ya iso oben kuwa 175 ne da fanka. Duk mai gashi a Ingila ya san idan za a kunna fanka ana rage kusan digiri 20. A wani wuri cikin zangon nan uku an juya lambar daidai amma an sauya yanayin gashi.

Babban gwajin shi ne kunnawa daga asibiti. Saboda gudun gobara, oben ba ya karɓar umarni daga nesa sai an fara danna izini a jikinsa, kuma izinin yana faɗuwa idan aka buɗe ƙofa. Ranar dutinta na farko a cikin azumi ta danna izinin da shida da rabi na safe ta fita. Yarinyar ta dawo makaranta, ta fito da kaza daga firji, ta buɗe oben ta saka tire kamar yadda aka ce mata. Da Yaya ta samu hutun minti goma ta danna maɓalli, waya ta ce babu izini.

Maigidan ya kawo shawarar a saka kazar tun safe, kada kowa ya taɓa ƙofar. Nan ta ƙi, ta kuma ƙi da ƙarfi. Hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta ce ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 8 da 63, ita kuma ta ga masu gudawa da amai a gadon asibiti. Ɗanyen nama ba zai yi awa goma a wajen firji a gidanta ba. Aka koma cewa yarinyar ta saka tire, ta rufe, ta danna izini, ta aika wa uwar saƙo, uwar ta jira ta samu sarari ta danna nata maɓallin. Sun yi haka sau huɗu. A na biyar Yaya ta kira ni ta ce: "Kai, in har yarinyar nan tana tsaye a gaban oben, me ya hana ta murɗa da kanta?"

Abin da ya hana shi ne yarinyar ba ta san lambar da za ta murɗa ba, uwar ma ba ta sani ba, don ita da ido da hanci take gashi. Amma a wannan shekara ba mu tsaya a kan tambayar ba. Shan ruwa yana kusa da dawowarta, aka ƙarasa azumi da lallaɓe.

2023: na'ura ta biyu

Kafin azumin 2023 ta sayi tukunyar furesha ta lantarki mai tata manhajar, don wake da ƙafar saniya da farfesu. Tukunyar ta yi amfani ƙwarai, wake yana nuna cikin kusan minti 25. Amma wani kamfani ne ya ƙera ta, ba ta cikin yarjejeniyar manhajar girkin farko. Wayar Yaya ta koma ɗauke da manhaja uku don kicin ɗaya. Bayan mako biyu yarinyar ta daina buɗe ta tukunyar, ta haddace maɓallan jikinta. Oben kuwa ana amfani da maɓallin manhaja a kan girki uku da suka karɓu a gidan: dankalin turawa, kifi, da wata kaza da Yaya ke sauya wa kayan ƙamshi ta bar lambobin yadda suke.

Janairu zuwa Afrilu 2024: maɓallin ya ɓace

A Janairun 2024 manhajar girki ta sabunta kanta da dare. Da safe girke-girken suna nan, maɓallin oben babu. Na cire manhajar na sake saukewa, na warware asusun na sake ɗaurewa, bai dawo ba.

Muka rubuta wa kamfanonin biyu. Na manhaja ya ce samfurin oben ɗinta ya fita daga jerin waɗanda yake tallafawa, a tuntuɓi wanda ya ƙera. Wanda ya ƙera ya ce wancan sabis na wani kamfani ne, a yi amfani da tasu manhajar. Tasu tana kunna oben tana kashewa, amma girke-girken nan uku ba sa cikinta. Takardar garanti kuwa ta yi magana ne a kan oben ya yi zafi ya gasa abinci, kuma yana yi. Mako uku ana musayar saƙonni, ba wanda ya yi rashin ladabi, ba kuma wanda ya ce maɓallin zai dawo. Da na karanta mata amsa ta ƙarshe, cewa ta yi: "Dama zanen aro ba ya rufe katara."

Abin da ya fi ciwo shi ne lambobin. Shekara biyu ana danna maɓalli, ba wanda ya rubuta digiri nawa ko minti nawa oben ke ɗauka. A rubutun girkin akwai lamba ta ma'aunin Amurka, amma tun ranar kek mun san ba lallai ita ce ke isa oben ba.

An fara azumi ranar 11 ga Maris, shan ruwa wajen shida, ita kuma tana asibiti har takwas. A mako na biyu yarinyar ta kira ni saura minti goma a sha ruwa, muryarta na rawa.

"Kawu, kazar ta yi ja a waje, amma na yanka ciki da jini."

Na tambaye ta nawa ta sa. Ta ce 220, don ta ga lokaci ya ƙure. Na ce ta rage zuwa 180, ta rufe da takardar foyil ta mayar, ta ba ƙannenta dabino da kunu. Sai bayan sallar isha'i suka ci kazar. Ta yi kuka a wayar, ba don kazar ba, don ta ga kamar ta kunyata uwarta a gaban babanta da ya yini da azumi. Daga ranar Yaya ta hana ta gasa nama in ba ta nan. Sauran ranakun duti na watan, ɗumame aka ci ko abincin saye.

Mayu zuwa Satumba 2024: neman wata hanya

A Mayun 2024 aka fitar da sigar 1.3 ta Matter, ƙa'idar da manyan kamfanonin fasaha suka haɗu a kai don kayan gida su ji yaren juna. Wannan siga ce ta shigo da oben da murhu. Na sa rai. Amma oben ɗin Yaya bai samu sabuntawar da za ta ba shi wannan ba, kuma da na karanta sosai na ga ƙa'idar umarni take ɗauka, kunna, kashe, yanayi, zafi. Mayar da kazar Yaya zuwa lambobi ba aikinta ba ne.

Maigidan ya kawo maganar Thermomix, injin girki na kamfanin Vorwerk na Jamus, wanda shi da manhajarsa Cookidoo duk na gida ɗaya ne, don haka babu yarjejeniyar da za ta warware a tsakani. Wata abokiyar aikinta tana da shi tana yabawa. Yaya ta duba: kuɗinsa ya haura fam dubu, ga kuɗin manhaja duk shekara, kuma ba ya gasa cinyar kaza takwas. Ta bar maganar. A watan Agusta kuma labari ya fito cewa Anova, kamfanin na'urar dafa abinci da Electrolux ya saya a 2017, ya fara karɓar kusan dala 2 a wata daga sababbin masu amfani da manhajarsa da a da kyauta ce. Wannan ya ƙara sanyaya mata gwiwa game da sayen wani sabon abu.

Oktoba 2024 zuwa Fabrairu 2025: awo

Ita ce ta dawo da tambayar da ta yi mini a 2022. Ta ce a asibiti ba a ba mara lafiya magani da ido, komai da awo da rubutu, shi ya sa wadda ta karɓi duti ke ci gaba daga inda wata ta tsaya. Me zai hana ta yi wa kicin haka?

Muka sayi abu uku: sikelin kicin, ma'aunin zafi da ake ratayawa a cikin oben, da tsinken auna zafi da ake soka wa nama. Duka ukun ba mai shiga intanet, kuɗinsu gaba ɗaya bai kai fam 40 ba.

Ma'aunin ratayawa ya nuna abin da ba mu sani ba. Idan oben ya yi ƙara cewa ya kai 190, ma'aunin yana nuna kusan 175, sai an ƙara minti goma yake cikawa. Bayan oben kuma ya fi gabansa zafi. Ashe shi ya sa kazar layin baya ke rigan ta gaba yin ja.

Daga nan duk ranar hutunta sai a ɗauki girki ɗaya. Yaya ta yi shi yadda ta saba, yarinyar na gefe da biro. In ta ɗebi fulawa da gwangwani, sai a juye a sikeli a rubuta giram. In ta ce "yaji daidai misali", yarinyar ta tare hannun da cokali kafin ya zuba. Da farko abin ya riƙa ba Yaya haushi, don hannunta ya riga bakinta sanin adadin, tsayar da shi kuma yana rikita ta. Akwai ranar da ta ce a bar shi haka, mahaifiyarmu ba ta taɓa auna gishiri ba. Yarinyar ta ce: "Umma, Hajiya tana tsaye a kan tukunyarta ne. Ke kina asibiti." Aka ci gaba.

Kowane girki sau uku aka yi shi: na farko uwa ta yi a rubuta, na biyu 'ya ta yi daga rubutun uwa na kallo ba ta magana, na uku 'ya ta yi ita kaɗai. Wanda bai fito daidai a karo na uku ba, a gyara lamba a sake. Gurasa sai da aka yi ta sau shida, domin kumburin ƙullu ya danganta da ɗumin kicin, kuma sanyin Disamba ya sa awa ɗayan da aka rubuta bai isa ba. A ƙarshe suka daina rubuta lokaci, suka ja layi a jikin roba: in ƙullu ya kai nan, ya yi.

Ga katin kaza kamar yadda yake a manne a ƙofar kabad, da Hausa, da rubutun yarinyar: cinya takwas, a jiƙa da yaji tun dare a firji. Fanka, 190. Bayan oben ya yi ƙara a jira minti goma. Tire a layin tsakiya. Minti 20, a juya tire gaba ya koma baya. Ƙarin minti 20. A soka tsinke a inda nama ya fi kauri, kada ya taɓa ƙashi. In bai kai 75 ba, a ƙara minti biyar a sake aunawa. Lambar 75 ɗin daga ƙa'idar hukumar abinci ta ƙasar ta fito, ba daga ɗanɗanon kowa ba.

Suna tsaka da wannan aiki, a Disambar 2024, Whirlpool ya rufe Yummly gaba ɗaya, manhaja da shafi, shekara bakwai bayan ya saye ta. Ba ita Yaya ke amfani da ita ba, amma a daren da na gaya mata ta sa yarinyar ta kwafe duk abin da ya rage a tsohuwar manhajar zuwa littafi.

Ni kuma na gano cewa oben ɗin yana da ma'ajiyar kansa, inda ake adana saiti a ba shi suna, ba ruwansa da intanet. Shekara uku tana nan ba mu taɓa buɗe ta ba. Muka adana guda shida: kaza, kifi, dankali, sambusa, gurasa, kek. Zuwa ƙarshen Fabrairu kati 12 ne a kabad, shida na oben, huɗu na tukunyar furesha, biyu na murhu.

Maris 2025: sakamako

An fara azumi a farkon Maris, shan ruwa kafin shida. Yaya ta yi dutin yini 13 a cikin watan. Bisa littafinta, a 11 daga ciki yarinyar, wadda a lokacin ke da shekara 16, ta haɗa buɗa-baki mai zafi a kan lokaci. Rana ɗaya ta makara a makaranta aka ci ɗumame. Rana ɗaya kuma sambusa ta ƙone don an manta juya tire. Ba a sake samun nama mai jini ba, tsinken yana kama shi tun kafin a sauke.

Wi-Fi ɗin oben ba a cire shi ba. Manhajar kamfanin tana aika wa Yaya saƙo idan an kunna da idan an gama, kuma tana iya kashewa daga asibiti. Sau ɗaya ta yi hakan, ranar da aka fita tarawihi aka bar shi a kunne.

Abin da na gani a ciki

A ganina ba a yaudari Yaya a shago ba. Abin da aka nuna mata ya yi aiki a ranar, ya kuma yi aiki kusan shekara biyu. Kuskuren, wanda da ni a cikinsa, shi ne mun ɗauki maɓallin a matsayin wani sashe na oben, kamar fanka ko ƙofa. Alhali shi ɗan yarjejeniya ne tsakanin kamfanoni biyu, ba ta sa hannu a ciki ba, ba ta san wa'adinta ba. Oben ana saye ne don shekara goma ko fiye, manhaja kuwa tana iya sauya hannu ko suna ko farashi cikin shekara biyu. Ina ganin haƙƙi ne a kan masu sayarwa su rubuta a jikin kaya shekara nawa suka ɗauki alkawarin wannan haɗi zai yi aiki, kuma duk manhajar da ke aika umarni ga oben ta nuna lambobin da ta aika a fili, yadda mai girki zai iya kwafewa. Da an yi na biyun nan kaɗai, da daren kazar 2024 bai faru ba.

Kunnawa daga nesa ta gaza ne saboda dalilan da ba na so a cire su. Izinin da ke faɗuwa idan an buɗe ƙofa kariya ce daga gobara, hana nama yini a waje kuma kariya ce daga cuta. Idan aka haɗa biyun, dole a samu mutum a kicin, kuma da zarar akwai mutum, abin da yake buƙata sani ne.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne ainihin aikin da kamfanonin manhaja ke yi wa abokan hulɗarsu: mayar da girki zuwa yanayi da digiri da mintuna, a gwada a kan takamaiman oben har ya zauna. Tunanin daidai ne, ina ma yaba musu a kansa, don daga wurinsu muka gane cewa ana iya yi. Sai dai ba wani kamfani a Dublin ko Berlin da zai zauna ya yi wa gurasar Yaya gwaji shida a sanyin Disamba. Wata biyar ya ci mata na ranakun hutu, kuma lambobin na oben ɗinta ne kaɗai. Da na kai katin kazar gidana na bi shi, sai da na ƙara minti takwas kafin tsinke ya nuna 75.

Yarinyar tana shirin tafiya jami'a nan da shekara biyu. Ƙaninta mai shekara 12 ya fara karo na biyu a kan katin dankali, uwar na tsaye a bayansa ta harɗe hannu don kada ta sa baki.